Tsakanin Tabo da Takarda

Tambayar da wannan ɗan rubutu yake so ya tattauna mai sauƙin faɗa ce, amma warware ta sai an zauna. Idan tsohon soja ya ce an raunata shi a fagen fama, ya ɗaga riga ya nuna tabo, sa'an nan aka buɗe fayil ɗinsa aka tarar babu ko kalma ɗaya game da raunin, wa za a gaskata, jikin ko takardar? In kuwa aka gaskata jikin, shin wajibi ne a kan hukuma ta koma ta gyara takardar, ta kuma ba shi lambar da akan ba waɗanda suka zubar da jini, ko da an shekara 50 da gama yaƙin? Ko kuwa alfarma ce kawai, wadda in ta ga dama ta yi, in ta ƙi babu mai ganin laifinta?

Jos wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya, domin in garin kuza ne, to garin soja ne kuma. A Rukuba hedkwatar Runduna ta 3 ta sojan ƙasa take, a barikin da aka sa wa sunan Birgediya Maxwell Khobe, wanda ya yi yaƙi a Laberiya da Saliyo, ya rasu a shekara ta 2000. Ƙasar Filato, daga Pankshin zuwa Langtang da Shendam, ta daɗe tana ba soja 'ya'yanta tun zamanin Turawa, har da wuya mutum ya shiga ƙauye a can bai tarar da gidan da aka rataye hoton wani mai kaki ba. A watan Yuli na 2024 ma a Jos aka yi bikin Ranar Sojan Nijeriya, inda rundunar ta cika shekara 161, a lissafin da yake farawa daga 1863, lokacin da Laftana John Glover ya tara mutanen nan 18 da aka sani da Hausawan Glover. Ranar 6 ga Yuli da aka zaɓa domin bikin kuwa ita ce ranar da aka harba harsashin farko na yaƙin basasa a Gakem a 1967. A irin wannan rana akan yi fareti, a busa begila, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, a maƙala wa masu rabo lambobi a ƙirji. Duk sunan da aka kira, daga takarda aka karanto shi. Wanda takarda ta tsallake, ko yana tsaye cikin 'yan kallo da ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa, mai kiran suna bai san da zamansa ba.

Ya kamata mu fara da sanin yadda takardar kanta take samuwa, domin mutanenmu suna da wata irin girmamawa ga rubutu, har mutum yakan ce "ai a rubuce yake" ya kashe magana. Alhali kuwa takardar soja ɗan Adam ne yake rubuta ta, akawu mai jin gajiya da yunwa da tsoro kamar kowa. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila, an kwashi sojan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 zuwa yaƙin Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar (ba Baman Barno ba), fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Runduna ta 81 da ta 82 sun sha daga a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan, wasu bataliyoyi kuma aka haɗa su da dakarun Chindit a 1944. Har yau sunayen wuraren nan suna nan a jikin barikokinmu, irin su Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya. Wuraren dai mun riƙe sunayensu. Mutanen kuwa, da yawansu tun ranar ɗauka aka sauya musu suna: Bature ya tambayi kurtu sunansa da garinsu ta bakin tafinta, ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa, wane Bauci, wane Kano, ko da yaron Angas ne ko Tarok wanda ya ari sunan Hausa don harshen bariki Hausa ne. Ingila kuma ba ta da minda ta musamman domin rauni. Abin da take bayarwa shi ne wani ɗan zare mai ruwan zinariya da akan ɗinka a hannun riga, wanda aka fito da shi a 1916, aka sake dawo da shi a 1944, kuma hanyar samunsa ita ce sunan mutum ya fito a jerin waɗanda aka raunata. To, a tsakiyar kurmi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, abinci ma daga jirgin sama ake jefowa, wa zai rantse cewa kowane suna ya shiga jerin nan daidai?

Labarin Isaac Fadoyebo ya isa misali. Bayarabe ne daga wajen Owo, ma'aikacin jinya a Runduna ta 81. A ranar 2 ga Maris 1944 Japanawa suka auka wa ayarinsu a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, David Kargbo, suka yi kimanin wata 9 a bayan abokan gaba kafin a ceto su a ƙarshen shekarar. A duk tsawon wannan lokaci takarda tana cewa ya ɓace, kuma gida an fid da rai da shi, har da ya koma sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar ba fatalwa ba ne. Fadoyebo ya yi sa'a biyu: ya rayu, kuma yana da ilimin boko, ya zauna ya rubuta labarinsa da hannunsa, ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu ya fitar da littafi a kansa a 2014, bayan rasuwarsa a 2012. Mai karatu ya auna dubban da ba su iya riƙe alƙalami ba.

A yaƙin basasa kuwa lamarin ya fi haka yawa. Sojan Nijeriya da ba su wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙin sun kumbura zuwa wajen 250,000 a 1970. An ɗebi samari daga gona da kasuwa da ramin kuza, aka koya musu harbi cikin 'yan makonni, aka tura su bakin daga. Rundunar da ta ninka kanta sau 25 cikin wata 30 ba ta ninka akawunanta da likitocinta haka ba. Wani an ɗaure masa rauni da tsumma a gindin bishiya ya koma rami, wani an ɗinke shi a makarantar da aka mayar asibiti, littafin asibitin kuma Allah kaɗai Ya san inda ya kwana. Saboda haka shirun fayil ba ya nufin abu bai faru ba. Iyakar abin da yake nufi shi ne ba a rubuta ba, ko an rubuta ya ɓata.

Sa'an nan sai mu tambayi kanmu, mece ce ma lambar rauni? Ta bambanta da lambar jarunta. Ita lambar jarunta sakamako ce ta abin da mutum ya aikata, ita kuwa ta rauni tana zuwa ne saboda abin da aka aikata masa. Harsashi ba ya tambayar wane ne jarumi. Yakan sami wanda ya yi gaba, yakan sami mai dafa abinci a baya, yakan ma sami wanda ya juya zai arce. Don haka ne wasu suke cewa ai wannan lambar tsautsayi ce, ba ta cancanta ba, kuma babu dalilin tayar da jijiyar wuya a kan abin da ƙaddara ce ta raba shi. Michael Sandel na Jami'ar Harvard ya tattauna irin wannan gardama a littafinsa na 2009 a kan adalci, inda ya bi hanyar Aristotal, wato ba za a san wanda ya cancanci wata girmamawa ba sai an san abin da aka kafa ta don a girmama. A ganina, abin da lambar rauni take girmamawa shi ne tsayawa a inda aka ajiye mutum. Farar hula in ya ji harbi yana da 'yancin gudu, babu mai tuhumarsa. Soja ya sayar da wannan 'yanci ranar da ya yi rantsuwa, in ya gudu kotun soja tana jiransa. Hukuma ce ta ɗauki jikinsa ta dasa shi a gaban bindiga, da sunan jama'ar da suke barci a gida. Idan aka huda wannan jiki, a asusun hukuma aka huda shi. Lambar rauni ke nan ta fi kama da takardar amsa bashi, wadda ƙasa take sa hannu tana cewa: mu muka aike ka, kuma mun san abin da ya same ka. In haka ne, ƙin rubuta raunin ya zama musun bashi, ko da ba da gangan aka fara shi ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya san yadda malaman fiƙihu suka bi raunuka ɗaya bayan ɗaya, suka ba kowane suna da ƙima: wanda ya tona ƙashi a kai ko fuska raƙuma 5, wanda ya karya ƙashin har ya gusar da shi raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki sulusin diyya. Ba ina cewa hukuma tana bin soja da diyya irin wannan ba ne. Abin lura shi ne magabata ba su ɗauki rauni abin da za a ce "Allah Ya sawwaƙe" a wuce ba, sun auna zurfinsa, sun rubuta. Haka kuma Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, da ya kafa diwanin da ake rubuta sunayen mayaƙa da rabonsu, ya fifita mutanen Badar, domin ya ga cewa abin da mutum ya gabatar a jiya hakki ne da ya kamata littafi ya riƙe masa. Shi ne kuma ya gargaɗi alƙalinsa Abu Musa cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau.

Sai dai kuma masu ƙin gyara suna da hujja, kuma hujjar ba ta wasa ba ce. Tabo ba ya magana. Wanda fartanya ta sara, da wanda mota ta kayar a hanyar Bukuru, da wanda gurneti ya taɓa, bayan shekara 50 duk fata ce da ta tattare. Tsohon soja kuma, kowa ya sani, ba ya rasa labari, kuma labarin yakan ƙara tsawo da shekaru. Ga shi muna ƙasar da aka sha gano sunayen jabu a jerin masu karɓar fansho. In aka buɗe ƙofa aka ce duk mai tabo ya zo, ashe ba a zubar da darajar lambar da wasu suka saya da ƙafa ko ido ba? Amurka ma ta yi fama da masu da'awar lambobin ƙarya, har ta yi doka a kansu, kotun ƙoli ta soke ta a 2012 bisa dalilin 'yancin magana, aka sake wata a 2013 wadda ta taƙaita laifin ga mai neman abin duniya da ƙaryar. Ƙa'idar shari'a kuma sananniya ce, cewa hujja tana kan mai da'awa.

Amma fa ƙa'idar nan an gina ta ne a kan masu jayayya biyu da suke tsaye daidai a gaban alƙali na uku. A nan kuwa wanda ake ƙara shi ne mai ajiyar littafi, shi ne kuma alƙali. Farabiti ba shi da iko a kan fayil ɗinsa, bai taɓa ganin cikinsa ba, ba shi ya zaɓi akawu ba, ba shi ya zaɓi ɗakin da aka jibge takardu ba. Kamar mai kanti ne da ya ce duk bashin da ke tsakaninku shi zai riƙa rubutawa, ya bar gara ta cinye littafin, sa'an nan ya dube ka ya ce kawo shaida a rubuce. Kada a ce wannan sai ƙasashe irin namu. A ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a babbar ma'ajiyar takardun soja ta Amurka a birnin St. Louis, ta lashe fayil tsakanin miliyan 16 da 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, kuma ba su da kwafi. Lambarsu ta rauni, Purple Heart, sharuɗɗanta uku ne: abokan gaba ne suka jawo raunin, ya kai ga likita ya duba, kuma an rubuta jinyar a takardun hukuma. Sharaɗi na uku shi ne inda gizo yake saƙar, domin yana neman soja ya tabbatar da abin da wani ne ya kamata ya yi. Abin da ya rage musu kaifin wannan shi ne tun 1946 suka kafa kwamitocin farar hula na gyara takardun soja, waɗanda doka ta ba ikon gyara kuskure ko kawar da zalunci. An ba mai ƙara shekara 3 daga ranar da ya gano kuskuren, amma kwamiti yana iya yafe wannan wa'adi in adalci ya buƙaci haka. Kafin wannan doka, sai mutum ya sami ɗan majalisa ya kai ƙudiri da sunansa shi kaɗai.

Darasin da ke nan shi ne, in takarda ɗaya ta ɓata, ba a rasa wasu shaidu. Hoton ƙashi yana nuna ɓarɓashin ƙarfen da ya kwanta a tsoka, kuma likita yana iya bambanta hudar harsashi da saran fartanya. Bataliyoyi suna da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, kuma na yaƙin Bama suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew, inda za a ga ko an gwabza a wurin da mutum ya ambata a ranar da ya ambata. Akwai abokan rami, in suna raye. Akwai ofishin ajiyar takardun sojan ƙasa a Lakwaja da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai, amma in uku suka haɗu a kan magana ɗaya, sun fi layin da akawu ya manta bai cike ba. Ko da haka za a yi kuskure nan da can, sai dai kuskuren iri biyu ne kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. In aka ba wanda bai cancanta ba, asarar takan rarrabu a kan dubban masu lambar, kowa ya ɗan taɓu. In aka hana wanda ya cancanta, duk nauyin a kansa shi kaɗai yake sauka, kuma bayan hani an ƙara masa da sunan maƙaryaci a gaban jikokinsa. Wannan ba izini ba ne na a raba lamba kamar goro a wurin suna. Dalili ne dai na cewa idan shaidu suka rinjaya, kuma aka san hukuma ce ta yi sakaci da littafi, to shakkar da ta rage ita ya kamata ta ɗauka.

Hujja ta biyu ta masu ƙi ita ce lokaci. Suna cewa ihu bayan hari ne, mai raunin ya tsufa ko ya mutu, me ƙarfe zai ƙara masa? Henry Johnson baƙar fata ne ɗan Amurka da ya yi yaƙi a Faransa, wanda a wani dare cikin watan Mayu 1918 ya tare ayarin Jamusawa ya fito da raunuka 21. Faransa ta ba shi lambarta tun a lokacin, ƙasarsa kuwa ba ta ba shi ko ɗaya ba har ya rasu a 1929. Sai a 1996 aka ba shi Purple Heart, a 2015 kuma Shugaba Obama ya ba shi lamba mafi girma ta ƙasar. Kusa da mu, a ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojan Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar, don sun nemi a biya su kuɗinsu bayan sun dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus. Akwai wanda takarda ta daɗe tana nuna shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, alhali a nan aka kashe shi, ɗansa ya tsufa yana neman a gyara. Sai a 2024 Faransa ta amince cewa shida daga cikinsu sun mutu ne domin Faransa, Shugaba Macron kuma ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Masar, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri.

Shin waɗannan gyare-gyare sun amfani mamatan? Masana falsafa sun daɗe suna jayayya a kan ko ana iya cutar da wanda ba ya nan. Bahaushe dai bai tsaya jiran su gama ba, domin ya san suna yana rayuwa bayan mai shi, kuma ana gadonsa kamar gona. Yaron da aka ce ubansa ya gudu daga fagen fama da wanda aka ce ubansa ya faɗi a can ba su tashi da kai ɗaya ba. Bugu da ƙari, littafin hukuma na masu rai ne: daga cikinsa ake rubuta tarihi, daga cikinsa kurtun gobe yake gane ko za a tuna da shi. Abin tsoro a nan ɗaya ne, shi ne gyaran da ya zo a makare yana da araha. Minda ba ta kai kuɗin buhun masara ba, kuma gwamnatoci sun fi son karrama matacce don ba ya neman fansho. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojanta na Afirka tun 1959, mazan jiya na Maraɗi da Damagaram suka riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba a daidaita su da takwarorinsu Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A nan gida ma an ga tsofaffin soja sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Tsaro a Abuja a 2022 suna neman haƙƙoƙinsu. Wanda ya rataya wa irin waɗannan lamba ya bar su ba kuɗin magani, ya yi musu ba'a ne da tambarin gwamnati.

Akwai kuma mai cewa, yaya za a ba mutum lambar da babu ita a zamaninsa? Gaskiya ne, a shekarun yaƙin Boko Haram ne aka riƙa jin rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya tana maƙala wa waɗanda aka raunata lamba mai sunan ta Amurka. Amma su Amurkawan da suka farfaɗo da ita a ranar 22 ga Fabrairu 1932, bayan George Washington ya ƙirƙiro asalinta a 1782, sun bar waɗanda aka raunata a yaƙin 1917 zuwa 1918 su nema su samu. Duk da haka, a nan ya kamata a raba abu biyu da akan cakuɗa. Rubuta cewa an raunata wane a wuri kaza ranar kaza magana ce ta gaskiya da ƙarya, kuma wajibi ce ko da lamba ko babu. Ba da lamba ga mutanen da suka gabaci kafa ta kuwa shawara ce ta hukuma, tana iya duba aljihunta da tsarinta. In ta ƙi ta biyun za a ce ta yi rowa. In ta ƙi ta farkon, ta zaɓi ta ci gaba da riƙe littafin da ta san ba daidai yake ba.

Inda maganar ta fi wuya, a ganina, shi ne iyakar abin da za a kira rauni. A 2009 ma'aikatar tsaron Amurka ta yanke cewa ciwon firgita da yaƙi yake bari a zuciya bai isa a ba da Purple Heart ba, don ba a zubar da jini ba kuma yana da wuyar aunawa. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan nan kusa da mu, wanda ya rubuta ƙagaggen labari a kan yaƙin Bama a 2007, ya faɗi cewa mahaifinsa ya dawo daga can ba a cikin hayyacinsa ba. Wane hoton ƙashi ne zai nuna wannan? A unguwanninmu irin waɗannan sai dai a ce "soja ne, ka san su", yara su bi su da tsokana. Sa'an nan ga waɗanda yaƙin ya ci ba tare da sun sa kaki ba. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kan Filato, aka yi abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna: daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa mutum kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, da yawa sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su. Yaƙin Hitila ne ya kashe su kamar yadda ya kashe na Kaladan, amma ba su da lambar soja balle fayil da za a gyara. Abin mamaki, a garin nan aka buɗe gidan tarihi a 1952, inda kowane gutsuren kan gunkin Nok da aka tono daga ramin kuza yake da lamba da katin da ya faɗi inda aka same shi. Ga kuma waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara, waɗanda Shugaba Obasanjo a shekara ta 2000 ya mayar da korar da aka yi wa tsofaffin sojan Nijeriya daga cikinsu ta zama ritaya. Wannan ma gyaran takarda ne, kuma ya nuna cewa in an so, alƙalamin yana nan. Ban ce a ba duk waɗannan lamba ɗaya ba, domin lambar da ta rufe kowa ba ta faɗin komai. Amma da zarar an yarda cewa tushenta amsa bashi ne, tilas a yarda cewa masu bin bashin sun fi masu tabon da ido yake gani yawa.

Game da yadda za a yi gyaran kuwa, masu kwafar littattafai na zaure sun riga mu sanin hanya. In marubuci ya tsallake kalma, ba ya kankare shafi ya sake, sai ya sa 'yar alama a inda aka yi tsallaken, ya rubuta kalmar a gefe, ya bi ta da alamar ingantawa, yadda duk wanda ya zo daga baya zai ga kuskuren ya ga gyaran. Haka ya kamata fayil ɗin soja ya kasance: a bar tsohon shafi yadda yake, a ƙara sabo mai kwanan wata, da sunayen shaidu, da dalilin da ya sa aka karɓa. Gyaran da ya shafe sawun kuskure yana wanke hukuma ne, kuma shi ne ƙofar da mai jabu ya fi so, don babu mai iya bin baya ya bincika.

Saura batun wa zai je wurin wa. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75, na Bama kuwa sai ɗaiɗaiku. Kowace shekara, kafin a kai ga 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wani shaida yakan kwanta dama, kuma da shi ake binne hujjar abokin raminsa. Tsoho mai sanda da ke bayan Langtang ko Mangu ba zai iya zaryar Abuja da Lakwaja ba, kuɗin mota kaɗai ya fi fanshonsa na wata in yana da shi. Ƙungiyar mazan jiya tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, Rukuba tana da likitocin soja, Jami'ar Jos tana da ɗaliban tarihi da na harsuna waɗanda suke jin Hausa da Angas da Tarok da Birom. Kwamiti na mutum huɗu ko biyar, da likita da na'urar ɗaukar magana, zai iya zaga ƙananan hukumomi 17 na jihar cikin rani ɗaya, ya zauna a ƙofar fadar hakimi ranar kasuwa, ya rubuta wurin da aka yi artabun da shekarar da sunan kwamandan, tun masu bakin faɗa suna nan.